Marsandi 911 da ke mutuwa a hanya: a fara daga tanki kafin a taɓa injekta

Wani matashi daga Mabera, cikin garin Sakkwato, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana roka, Marsandi 911, wadda ta shekara 9 a ajiye a ƙofar gida. Na gyara bodi, na yi fenti, na sa tayoyi da batir. Amma da safe sai an sha wahala take tashi, da farin hayaƙi. In ta yi tafiyar minti 15 zuwa 20 sai ƙarfinta ya ragu, ta yi tari ta mutu. In aka bar ta rabin awa aka buga famfon hannu sai ta sake tashi. A hawa kuma baƙin hayaƙi take yi. Wani bakanike ya ce a kai injekta benci, wato na'urar gwada ta, wani ya ce a sauke inji, wani ya ce in sayi ɗan Kwatano. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya kai haske kabarinsa, kai kuma Ya yi maka albarka da ba ka miƙa wa 'yan gwangwan motar nan ba. Na ga irinta da yawa an yanka su da wutar walda an ɗora a sikeli, alhali babu abin da ya same su sai daɗewar zama, kuma duk lokacin da na gani sai raina ya ɓaci.

Kada ka bi ko ɗaya cikin shawarwarin nan uku tukuna. Na shekara sama da 30 ina aikin manyan motocin gas a garin nan, abin da ka kwatanta kuwa na san shi kamar yunwar cikina. Mota ta tashi, ta yi tafiya lafiya, ƙarfi ya riƙa raguwa a hankali, ta mutu, a huta, a buga famfo ta dawo: gas ne ke yanke wa injin. Ka auna da hankalinka. Injektar da ta cinye, wato babban famfon da ke raba wa silinda gas, ba ta warkewa don an zauna rabin awa a inuwa, ringin da ya mutu kuma ba ya farfaɗowa don an buga famfon hannu. Ciwon da ke tafiya ya dawo haka, toshewa ce ko iska, kuma kusan kullum a tsakanin tanki da bakin injekta suke ɓuya, inda gyara ya fi cin haƙuri a kan kuɗi.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Wannan mai gajeren hancin, kamfanin Mercedes-Benz ya fara fito da irinta a Jamus a 1959, daga 1963 kuma aka koma kiran su da lamba: 9 ɗin farko nauyin mota da kayanta ne, tan 9, 11 ɗin kuma ƙarfin doki 110. A nan gida an buɗe kamfanin ANAMMCO na Enugu, mai harhaɗa motocin Marsandi, a 1980. Injin da aka fi samu a cikinta OM 352 ne, wanda ya fito a 1964, silinda 6 a jere, lita 5.7, da injekta ta Bosch. Ka goge farantin lambar da ke jikin injin ka tabbatar, don a shekarun da Alhaji ya yi yana aiki da ita mai yiwuwa an taɓa canji. Injin nan ba shi da kwamfuta, ba fulogi, ba kafireto. Fistin ne ke matse iska har ta koma kamar kashi 1 cikin 17 na girmanta, zafin matsin ya kunna gas ɗin da nozul ya fesa. Ke nan iska, matsi da gas kawai za ka bi sawu, kuma kowannensu ana iya gwada shi ba tare da an wargaza komai ba.

Gwajin farko kyauta ne. Ranar da ta mutu a hanya, kada ka jira, ka buga kik nan take. In inji ya juya sakayau kamar kullum amma ya ƙi kamawa, maganar gas ce. In kuwa ya juya da ƙyar kamar batir ya yi sanyi, sai bayan ya huce ya dawo daidai, to zafi ne ke sa fistin kamewa, kuma a nan dole ka ajiye makulli har a duba lagireto, famfon ruwa, fanbel da tamostat. Lagireton da ya shekara 9 da ruwan rijiya a cikinsa ya tara tsatsa da ɓawo, ba zai ɗauki zafin Afrilun Sakkwato ba, lokacin da ma'auni ke wuce 40. A daidai wannan lokacin kuma ka sa yaron mota ya buɗe murfin tanki ya kasa kunne. In ya ji iska ta kutsa ciki da ƙara, ka kama ɓarawonka: kafar da tanki ke numfashi ta toshe. Gas na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har a kai inda famfo ba ya iya ja. A motar da ta daɗe a ajiye a nan wajenmu, zanzaro ne kan gina ɗakinsa na laka a irin wannan kafa. Na sha kakkaɓo shi da guntuwar waya.

Gwaji na biyu shi ne zai raba maka gardama, kuma ina roƙonka ka yi shi kafin kowa ya sa sifana a injekta. Ka samo jarka mai tsabta ta lita 20, ka cika ta da gas daga gidan man da ka yarda da shi. Ka cire bututun da ya taho daga tanki a inda ya shiga ƙaramin famfon da ke jikin injekta, ka sa sabon tiyo daga nan zuwa cikin jarkar. Bututun da ke mayar da ragowar gas tanki shi ma ka juyo shi cikin jarkar, in ba haka ba za ta ƙare maka tun ba a je ko'ina ba, don gas ɗin da ke komawa yana da yawa. Ka ɗaure jarkar da kyau, ka cire iska, ka kama hanyar Kware. In ta yi awa guda tana tafiya ba tari, injinka da injektarka lafiya lau suke, ciwon yana baya, a tanki ko a bututu. In ta sake mutuwa, ka ɗaga jarkar ka ɗaure a saman kan mota, gas ya gangaro da nauyinsa. In ta gyaru a haka, ƙaramin famfon ne ya gaji. In har yanzu tana mutuwa, sai a koma kan filta.

Wata shekara, lokacin kakar albasa, aka kira ni hanyar Illela, gaba da Gwadabawa kaɗan. Wata 911 ce maƙare da buhuna, direban zaune a gindin taya ya rafka tagumi. Ya ce mini, "Malam, wagga mota ta ishe ni, kilomita biyar ba ta cikawa." An riga an kai injektarta benci sau biyu. Muka haɗa mata jarka, ta kai kayanta Illela ba ta yi ko tari ba. Washegari muka sauke tanki, na haska ciki da tocila, sai ga baƙar leda kamar tafin hannu tana lilo a cikin gas. Wani ne ya taɓa naɗa ta a bakin tanki a madadin robar murfi, ta zame ta faɗa. In famfo ya ja sai ta zo ta manne a bakin bututu, in inji ya mutu jan ya saki, sai ta koma yawonta. Na ɗago ta da waya na miƙa wa mai motar, ya riƙe ta yana juyawa, ya daɗe bai ce komai ba. Kuɗin benci biyu da kwana uku da albasarsa ta yi a rana, duk a kan wannan ledar suka tafi.

Ko da babu leda a naka, tankin da ya shekara 9 sai an sauke shi. Man gas ba ya jure ajiya, bayan shekara guda yakan fara duhu yana barin danƙo. Tankin da ba a cike yake ba kuma yana shaƙar iska mai laima da damina, da dare raɓa ta taru a bangonsa ta gangara ƙasa, don ruwa ya fi gas nauyi. A mahaɗar ruwan da gas ɗin wasu ƙwayoyin halitta ke rayuwa, su ne ke haifar da baƙin yauƙin nan mai kama da miyar kuka, wanda ke shaƙe filta cikin kwana biyu. Ka kwance notin ƙasan tanki, ka tari abin da ya fara fitowa a farar kwalba, ka ajiye ta awa guda. Za ka ga ta rabu: ruwa da tsatsa a ƙasa, yauƙi a tsakiya, gas a sama. Zuba sabon gas a kan wannan ba ya magani, tayar da dattin ma yake yi ya tura shi gaba. A sauke tankin, a zuba masa guntuwar sarƙa ko tsofaffin notoci da ɗan gas, mutum biyu su yi ta jijjigawa, a zubar, a maimaita har abin da ke fita ya yi garau, sannan a shanya shi a rana ya bushe ƙarau. A ƙirga notocin da aka zuba, a ƙirga waɗanda suka fito. Ka zaro bututun da ke tsotso daga cikin tanki ka duba shi a haske, don tsatsa kan huda shi a tsakiya, alamarsa kuwa mota ta yi lafiya in tanki na cike, ta fara mutuwa in ya sauka ƙasa da rabi. In tanki na buƙatar walda, kada a kusantar da wuta sai an wanke shi an cika shi da ruwa. Tururin da ke cikin tankin da ake ganin babu komai a ciki ya hallaka mutane.

Yanzu maganar iska, wadda ta fi wahalar da kanikawa, don ba a ganinta. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo, gas jawo shi ake yi, ba tura shi ake yi ba. Saboda haka kafar da ke wannan ɓangaren ba ta ɗigar da gas waje, iska take zuƙa ciki. Mutum ya shiga ƙarƙashin mota ya ga ko'ina a bushe, ya fito ya rantse babu yoyo, alhali ta nan ake cutarsa. Dabarar ita ce ka sa guntun farin tiyo mai nuna ciki, kamar taƙi ɗaya, a bututun da ke tsakanin ƙaramin famfo da filta, ka tada inji ka zuba ido. Gas mai lafiya yana wucewa garau. In ka ga ƙananan kumfa na bin juna kamar jerin tururuwa, iska na shiga, sai ka riƙa matsar da tiyon baya gaɓa-gaɓa har ka kai inda kumfar ta ɓace.

Wuraren da na fi samunta a 911 sanannu ne. Akwai 'yar kwalbar gilashin da ke ƙarƙashin ƙaramin famfo, mai rariya a ciki: robar bakinta kan bushe ta tsage. Akwai famfon hannun kansa, musamman tsohon yayi wanda ake murɗewa a buɗe kafin a buga. In ka buga ka ga gas na tsattsafowa ta wuyansa, to ta nan iska ke shiga in inji na aiki, kuma canza shi ya fi lallaɓa shi. Akwai washoshin jan ƙarfe da ke gefe biyu na notocin nan masu rami da muke kira banjo. Washar da aka taɓa ɗaurewa ta taurare, ba ta sake kamawa. In ba ka sami sabuwa ba, ka gasa tsohuwar a wuta har ta yi ja, ka bar ta ta huce, za ta yi laushi ta sake zama. Tiyon roba duk a canza, kuma a sa na mai, kada a sa tiyon ruwa don araha. Gas na kumbura cikinsa, in famfo ya ja sai ya lotse ya toshe hanya, daga waje kuwa kamar sabo. Cikin ƙaramin famfon akwai 'yan bawul biyu da sifirin ɗinsu. In datti ya zauna a ƙarƙashinsu, gas na sulalewa ya koma tanki da dare, da safe ka tarar da bututu wayam. Ina kyautata zaton rabin wahalar safiyarka daga nan take.

Filta biyu kuwa ka canza su duka bayan an wanke tanki, ka wanke kofunansu, ka sa sabbin robobi, sannan ka ajiye wasu biyu a cikin mota, don a watan farko za su sake cika da ragowar datti. Kada ka yarda da mai cewa a cire filta a huda ta ko a haɗa bututu kai tsaye don mota ta ja. Sandunan da ke tura gas a cikin injekta an goge kowanne tare da gidansa, ratar da ke tsakaninsu 'yan kashi ne cikin dubu na milimita, gashin kanka ya ninka ta kauri sau da yawa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Akwai kuma wani noti mai sifirin a ciki, a inda bututun komawa tanki ya fita, wanda aikinsa riƙe ɗan matsi a cikin injekta. In sifirin ya gaji, gas na gudu ya koma tanki injekta ta zauna da yunwa. Lokacin da mota ta fara rage ƙarfi, ka matse tiyon komawa da filaya na ɗan lokaci kaɗan. In inji ya farfaɗo, wannan notin ne.

Cire iska, wato bilidin, yana da tsari. Ka sassauta notin saman filta, ka buga famfon hannu har kumfa ta ƙare gas ya fito tsantsa, ka ɗaure yana cikin fitowa. Ka koma notin cire iska na jikin injekta ka yi haka. In ta ƙi kamawa, ka sassauta bututun ƙarfe biyu ko uku a saman injekta, a buga kik har su tofar da gas, ka ɗaure. Kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda, a bar shi ya huta.

Sauran wahalar safiya daga saurin juyawa take. Injin gas in ya juya a hankali, zafin matsin na sulalewa cikin ƙarfe kafin gas ya kama, musamman a sanyin Disamba da Janairu. Sabon batir bai isa ba in wayoyinsa sun ci tsatsa. Ka kankare kawunan batir da inda wayar ƙasa ta kama shasi har ƙarfe ya yi fari, ka taɓa wayoyin bayan an buga kik. Wadda ta yi zafi ita ce ke cin wutar. Sannan a buɗe murfin sama a saita bawul, inji na sanyi: a OM 352 na shigar iska milimita 0.20, na fitar hayaƙi 0.30, kuma silinda na kamawa a jerin 1-5-3-6-2-4. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai, matsi na zurarewa ta nan, sai a ɗora wa ringi laifin da ba nasa ba. Abin da nake gargaɗinka a kai da babbar murya shi ne tsumman fetur da ake karawa a bakin iska don mota ta tashi. Fetur na fashewa kafin fistin ya kai sama, ƙarar da kake ji kamar guduma ce a kan ringi, kuma motar da aka saba wa haka ba ta daɗewa sai an sauke injinta da gaske.

Hayaƙi kuma magana yake yi, in ka iya saurare. Farin hayaƙin safiya, ka tsaya kusa ka shaƙa kaɗan. In yana warin gas yana yaji a ido, kuma ya ɗauke bayan inji ya ɗumama, gas ne da bai ƙone ba, kuma sanyi da iska a bututu da nozul mai ɗiga duk suna kawo shi. In kuwa ba shi da yaji, yana ɓacewa nan da nan kamar tururin tukunya, ruwan lagireto na raguwa, kuma kana ganin kumfa a bakin lagireto in inji na aiki, to gaskit ne ko tsagewar kan silinda. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi a hawa kuwa gas ne ya fi iska yawa, kuma kafin a zargi injekta a duba hanyar iskar. Yawancin irin motarka tukunyar tace iskarsu mai baƙin mai ce a ƙasa. Ka kwance ta. Bayan hunturu 9 na ƙurar Sakkwato, abin da za ka tarar a ciki laka ce mai kauri, wani lokaci har da sheƙar ɓera. A kankare, a wanke ragar da gas, a bar ta ta tsane sosai, a zuba sabon mai iya layin da aka zana, kada a wuce shi. Da hunturu duk mako ka leƙa ta. Ka duba kuma birkin inji, wato murfin da ke cikin bututun salansa kusa da inji. Zama na sa shi tsatsa ya maƙale rabi a rufe, mota ta rasa numfashi ta yi ta baƙin hayaƙi. Ka motsa hannunsa ka tabbatar yana komawa a buɗe gaba ɗaya.

Sai bayan duk wannan ne nake zuwa kan nozul. Inji na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, ka sassauta bututun ƙarfe ɗaya a saman injekta, da tsumma a kai. In sautin inji ya faɗi ya fara rawa, wannan silinda na aiki. In babu abin da ya canza, ita ce mai barci. Ka bi su shida ɗaya bayan ɗaya. A injin nan nozul ɗin na ƙarƙashin murfin sama, tare da siririn bututun da ke kwashe ragowarsu, don haka in ya tsage gas cikin baƙin mai yake zuba. Ka riƙa duba sandar awon mai kullum: in mai na ƙaruwa maimakon raguwa, ya tsinke yana warin gas, ka tsaya, don siririn mai zai cinye maka metal. Nozul shida a kai su gwaji tare. Mai kyau yana buɗewa in matsi ya kai wajen bar 200 a ma'auni, ya yi feshi kamar hazo da ƙara mai kaifi, bakinsa ya zauna a bushe. Ka tsaya a wurin ka gani da idonka, amma kada kai ko wani ya kai hannu gaban feshin. Yana huda fata ya shige cikin nama, kuma rauni ne na zuwa asibiti nan take ko da kafar ba ta kai tsinin allura ba.

In jarka ta kasa, filta sabuwa, ba kumfa, nozul sun yi kyau, amma inji na hawa da sauka da kansa a silo ko ba shi da ƙarfi, a lokacin na yarda a kai injekta benci. Kafin a cire ta a yi alamar taimin a inda take zaune, a toshe bakin kowane bututu, kuma kada a lanƙwasa bututun ƙarfen nan shida ko a gajarta ɗaya, don tsawonsu ɗaya aka yi su da gangan. Ka ce wa mai benci ya daidaita abin da kowace silinda ke samu a kan ma'aunin kamfani, kada ya ƙara gas don mota ta ja. Ƙarin nan hayaƙi ne da zafi kawai. Wasu tsofaffin injektocin suna da nasu baƙin mai daban da na inji, da 'yar sandar awonsu, kuma ana mantawa da shi shekara da shekaru, ka duba taka. Ranar da za a tada mota bayan an mayar da injekta, a cire tiyon iska, mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako a hannu. In sandar da ke raba gas ta maƙale, inji zai yi ta hawa ba tsayawa, kashe makulli kuma ba ya kashe irin wannan injin. Katakon za a kifa a bakin iska ya shaƙe shi. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma.

Maganar sauke inji kuwa, hujja ake nema. A auna matsin silinda shida da ma'auni, a rubuta a takarda, a ga ko wata ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta sosai. A dubi bututun numfashin inji, ko yana busa hayaƙi da ƙarfi yana tofar da mai. A ga ko ma'aunin mai na faɗuwa in inji ya yi zafi, ko akwai ƙyallin ƙarfe a man da aka juye. Ko an ga matsi ya ɗan yi ƙasa, kada a yi gaggawa: ringi kan manne saboda zama, kuma na sha ganin sun saki bayan an yi juye an yi 'yan kwanaki ana aiki da mota tana ɗaukar zafi. A sake aunawa bayan haka. Ɗan Kwatano ba na hana kowa saye, amma ba ka san irin wahalar da ya sha kafin ya iso hannunka ba, kuma in ka ɗora shi a kan tankin nan da bututun nan, a minti 20 ɗin nan zai mutu kamar na yanzu. Injin Alhaji kuwa ka san tarihinsa, kayan gyaransa na nan a kasuwa, kuma ko ya kai ga canjin ringi da metal, ni shi zan gyara.

Idan ta dawo hanya, ka kula da abin da kake ba ta. Gas ɗin bakin titi na 'yan bumburutu wani lokaci akan gauraya shi da kananzir, kananzir kuwa ba shi da santsin da sandunan injekta ke dogara da shi. In dole ta sa ka saya, ka zuba kaɗan a kwalba ka duba, ka tace shi da kyalle mai tsabta. Ka riƙa kwana da tanki a cike, duk wata kuma ka sassauta notin ƙasa ka zubar da ruwan da ya taru.

Gobe da safe, kafin ka buga famfon hannu, ka sassauta notin saman filta ka ga ko akwai gas a wurin ko wayam yake. Daga nan ka tari kwalbar ƙasan tanki, ka haɗa jarka, ka kama hanyar Kware da sifana 17 da 19 da filta a ajiye, kada ka ɗora mata kaya. Ka rubuto mini abin da ka gani a kwalbar, da minti nawa ta yi a kan jarka, da yadda kik ya juya in ta mutu, sai in gaya maka inda za a sa hannu na gaba. Allah Ya sa albarka, Ya tsare hanya.